Lambu a Tukunya: Ganye Ya Yi Ɗorawa, Yunwa Ce Ko Wani Abu Daban?

Tun da damina ta kankama, wasiƙun da masu karatunmu na Legas ke aiko wa wannan fili kusan duk kukansu ɗaya. An shuka tumatir, attaruhu, zogale ko fure a bokiti, tsiro ya fito lafiya, sai ganye ya fara canza launi. Kowa kuma ya riga ya yanke hukunci cewa taki ne ya yi ƙaranci. Wasu sun yi daidai. Da yawa kuwa takin na nan cikin ƙasar, saiwa ce ta kasa ɗauka. Mun zaɓi wasiƙu bakwai, mun taƙaita su saboda wuri.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na shuka tumatir da attaruhu a bokitan fenti guda shida, na jera su a barandar ɗakinmu, yau sati biyar ke nan. Ganyen ƙasa ya fara yin ɗorawa, tsiron kuma ya ƙi gaba. Maƙwabciyata ta ce yunwa ce, ta ba ni yuriya. Na zuba danƙi guda a bokiti ɗaya don gwaji, kwana biyu tsakani tsiron ya langaɓe ya mutu. Me zan yi wa sauran biyar ɗin? Daga wata uwargida a Agege.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. An gode Allah da guda ɗaya kika gwada. Yuriya tana da ƙarfin gaske, kashi 46 cikin ɗari nata naitirojin ne. A gona danƙin nan watsa shi ake yi a fili, ruwan sama ya raba shi. A bokiti kuwa ba inda za shi. Ruwan da ke cikin ƙasar sai ya yi kauri da taki har ya fi ruwan cikin saiwa, maimakon saiwa ta sha, sai ƙasa ta riƙa zuƙe nata. Ga kuma iskar amoniya da yuriya ke saki idan ta fara narkewa a ƙasa mai ɗumi, tana ƙona ƙananan saiwoyi. Shi ya sa tsiron ya langaɓe alhali ƙasarsa a jiƙe take. Garin neman gira aka rasa ido.

Kafin ki sake taɓa taki, ki fara da ƙasan bokitin. Akwai huji? Bokitin fenti ba ya zuwa da huji, mutane da yawa kuma guda ɗaya suke yi a tsakiya, ƙasa ta toshe shi cikin sati. A ɗora ƙusa a wuta a yi huji shida zuwa takwas, kowanne kaurin biro, sannan a ɗora bokitin kan bulo ko duwatsu don ruwa ya samu hanyar fita. Tsakuwar da ake jerawa a ƙasan bokiti ba ta maye gurbin huji, wuri kawai take cinye wa saiwa.

Sai ki cusa yatsa cikin ƙasar har gaɓa biyu. In kika ji danshi, ba a ba da ruwa ranar. A Legas, daga Afrilu zuwa Yuli, iska cike take da laima, rana kuma tana yawan ɓuya, bokitin da ke baranda yana iya yin kwana uku ko huɗu bai bushe ba. Wanda ya saba da bayin safe da yamma irin na Kano ko Sakkwato, in ya kawo wannan al'ada nan, nutsar da shukarsa zai yi. Saiwa numfashi take yi. Idan ruwa ya cika ramukan iskar da ke cikin ƙasa, sai ta shaƙe ta fara ruɓewa, ruɓaɓɓiyar saiwa kuma ba ta shan taki ko da buhu aka juye. Ganyen sai ya yi ɗorawa daidai irin na yunwa, nan ne mutane ke ruɗewa.

Don ki tabbatar, ki zaɓi bokitin da ya fi lalacewa, ki kwantar da shi ki zaro tsiron da ƙasarsa a hankali. Lafiyayyar saiwa fara ce, tana da ƙwari, tana ƙanshin ƙasa. Wadda ta ruɓe baƙa-baƙa ce ko ruwan ƙasa, tana saɓulewa a yatsa, tana wari. In haka kika gani, ki yanke ruɓaɓɓun da almakashi, ki sake masa sabuwar ƙasa, ki rage ruwa, kada ki sa taki sai ya yi sati biyu ya fara sabon toho.

Sai maganar rana. Tumatir da attaruhu suna son rana ta dake su kai tsaye kamar awa shida a yini. Barandar gidan haya mai ɗakuna suna kallon juna ba kasafai take ba da rabin haka ba. Alamar ƙarancin rana ita ce tsiro ya yi tsawon banza, siriri, tazara mai yawa tsakanin ganye da ganye, yana karkata wajen haske, launinsa duka ya koɗe. Wannan taki ba ya gyara shi, ƙara masa tsawo da rauni ma yake yi. A nema masa gefen da ke kallon gabas ko saman bene.

To, in saiwa fara ce, rana ta wadata, kin juya ganye ba ki ga ƙwari ba, yanzu ne za a yi maganar yunwa. Abin da za ki tambayi kanki shi ne: wane ganye ne ya fara, tsoho na ƙasa ko sabo na sama? Akwai sinadaran da shuka ke iya kwashewa daga tsohon ganye ta kai wa sabon toho idan sun yi ƙaranci, su ne naitirojin, fosfaras, fotasiyam da magnisiyam. Rashinsu a ganyen ƙasa yake fara nunawa. Akwai kuma waɗanda in sun zauna a ganye sun zauna ke nan, irin su ƙarfe da kalsiyam, rashinsu a sabon ganye ake gani. Wannan tambaya guda ta raba miki matsalar gida biyu.

Naki ganyen ƙasa ne. In ganye biyun farko ne masu santsi, waɗanda tsiron ya fito da su daga iri, faɗuwarsu ba ciwo ba ce, aikinsu ya ƙare. In kuwa ganyen gaske ne, ya koɗe baki ɗaya har da jijiyoyinsa, abin yana hawa sama ɗaya bayan ɗaya, sabon ganye na fitowa ƙanana, to naitirojin ne. A samu kamfa, wato NPK 15-15-15, ƙaramin cokalin shayi ɗaya shafaffe, kimanin gram 5, a jiƙa shi cikin kofin ruwa ya kwana, a zuba cikin ruwa lita 10. Ɗan garin da ya kwanta bai narke ba ba komai. In yuriyar maƙwabciyar ce kawai a hannu, cokali ɗaya shafaffe a lita 20. A fara jiƙa ƙasar da ruwa zalla, sannan a ba kowane bokiti wannan haɗi har ya fara ɗiga ta ƙasa, sau ɗaya a sati. Kada ki zuba ido kan ganyen da ya riga ya yi ɗorawa sosai, yawanci ba ya dawowa. Sabon toho za ki duba, cikin kwana 10 zuwa 14 ya kamata ya fito kore shar.

Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda. In kika ƙara huji, kika sauya wuri, kika zuba taki duk rana ɗaya, ko ya warke ba za ki san abin da ya warkar da shi ba.

TAMBAYA: Malam, Allah ya ƙara basira. Na shuka ƙwallon lemun tsami a roba a bakin shagona, ya kai wata bakwai. Sababbin ganyen sama suna fitowa fari-fari, jijiyoyin ne kawai kore, amma tsofaffin lafiyarsu lau. An ce in zuba toka, na zuba. An ce in binne tsofaffin ƙusoshi, na binne. Abin sai gaba yake yi. Daga wani ɗan kasuwa a Mile 12.

AMSA: Alhaji, bayaninka ya fito da ciwon sarai. Sabon ganye ya koɗe, jijiyoyi sun tsaya kore sun yi raga, tsohon ganye bai taɓu ba: ƙarancin sinadarin ƙarfe ne. Wanda ya ce maka ƙusa ya hango ciwon, maganin ne ya kuskure. Tsatsar ƙusa ƙarfe ce, amma irin wadda ba ta narkewa, saiwa ba ta iya shanta. Mai shawarar toka kuwa ƙara maka ciwon ya yi.

Da wuya ƙasa ta rasa ƙarfe. Abin da ke faruwa shi ne yana ɗaurewa idan tsamin ƙasa ya ragu. Ana auna wannan da ma'aunin pH: 7 shi ne tsaka-tsaki, ƙasa da haka tsami, sama da haka kuma ɓangaren toka da farar ƙasa. Yawancin shuke-shuken tukunya sun fi jin daɗi tsakanin 5.8 da 6.5, lemu kuma yana cikin waɗanda ke saurin nuna ɓacin rai idan aka haura 7. Toka tana ɗaga wannan lamba da sauri, balle a ƙaramar roba. Haka ɓaraguzan siminti da filasta, waɗanda ba a raba ƙasar da aka ɗebo daga wurin gini da su, haka kuma ruwan wanki mai garin sabulu. Ƙasar da ta daɗe a jiƙe ita ma tana kawo wannan alama ko da tsaminta daidai ne, don haka duba huji da saiwa yana nan a kanka kai ma.

Gwaji iri biyu ne. Na sauƙi, ka ɗebi cokali ɗaya na busasshiyar ƙasar ka ɗiga mata ruwan khal, wato vinegar. In ta yi kumfa tana tsuwa, akwai toka, siminti ko farar ƙasa da yawa. Rashin kumfa dai ba ya wanke ta gaba ɗaya. Wanda ya fi inganci shi ne takardar awon pH da ake samu wajen masu sayar da kayan gona ko kayan kiwon kifi. Kofi ɗaya na ƙasa, kofi biyu na ruwan sama, a dama, a bari minti 30, a tsoma takardar a ruwan da ya taso sama, a gwada launinta da jadawalin kwalin. Kada a yi da ruwan famfo ko na leda, sai ka auna ruwan maimakon ƙasar.

Tunda an riga an zuba toka, hanya mafi gajarta ita ce sauya ƙasa. Kashi biyu baƙar ƙasa, kashi ɗaya yashi mai ɗan girma, kashi ɗaya takin dabbobi da ya ruɓe sarai. Yashin gini na Legas da yawansa daga lagun, wato tafkin nan mai haɗe da teku, ake haƙo shi, ka wanke shi sau biyu ko uku kafin ka haɗa, saboda gishiri. Ka karkaɗe tsohuwar ƙasar daga saiwa ba tare da ka tsittsinka ta ba, ka dasa daidai zurfin da yake a da, ka ajiye shi a inuwa mai haske kwana huɗu ko biyar kafin ya koma rana.

In bayan sati uku sabon ganye bai gyaru ba, sai a nemi garin ƙarfe na musamman da aka haɗa don shuka. Ka duba jikin ledar. Mai rubutun Fe-EDTA yana aiki ne a ƙasa mai ɗan tsami, ƙarfinsa na raguwa idan an wuce 6.5. Mai rubutun Fe-EDDHA, gari ne ja mai duhu, yana aiki har a ƙasar da toka ta ɓata. Gram 3 zuwa 4 a lita 10 ya isa, sai dai in ledar ta faɗi wani awo, a zuba a gindi ba a kan ganye ba. Yana rina tufafi da tayil, a kula. Ganyen da bai ƙone ba yakan fara komawa kore cikin sati ɗaya zuwa biyu.

Wani abu da ke kama da wannan: in sabon ganye ya koɗe duka har jijiyoyin, babu ragar kore, to ba ƙarfe ba ne, an fi zargin ƙarancin sinadarin farar wuta. Yana samun waɗanda yuriya kaɗai suke sawa, don yuriya ba ta ɗauke da farar wuta. Takin dabbobi ko ɗan sufa, wato takin zamani mai fosfaras da farar wuta, yana rufe wannan.

TAMBAYA: Malam, tattasaina ya fara fure, sai ganyen ƙasa ya yi ɗorawa tsakanin jijiyoyi, jijiyoyin na nan kore. A dusar ɓawon kwakwa na shuka, wadda ake sayarwa a dunƙule a jiƙa ta kumbura. Ƙarfe ne? Daga wata malamar makaranta a Idi-Araba.

AMSA: A'a Malama. Zanen iri ɗaya ne da na mai lemu, amma wurin ya bambanta. Nasa a sama, naki a ƙasa, wannan magnisiyam ne. Yakan bayyana daidai lokacin da shuka ta fara fure da 'ya'ya, buƙata ta ƙaru. Dusar kwakwa kuma tana da hannu: tana ɗauke da fotasiyam mai yawa, wanda ke gogayya da magnisiyam wajen shiga saiwa, in ba a wanke ta da kyau ba ma har gishiri take zuwa da shi.

Ki nemi gishirin Epsom a kantin magani, marar turare, shi ke ɗauke da magnisiyam. Ba gishirin miya ba ne, kada a musanya. Ƙaramin cokali ɗaya a lita 4, a ba gindin sau ɗaya, a jira sati uku zuwa huɗu kafin a maimaita, in ma akwai buƙata. Abin da za ki gani shi ne ɗorawar ta daina hawa, tsofaffin ganyen ba lalle su koma yadda suke ba. Kada ki mai da shi na kowane sati kamar yadda ake yaɗawa a Facebook, yawansa yana hana shan kalsiyam, ki fita daga wata matsala ki faɗa wata. Ki kuma sani dusar kwakwa, in ban da fotasiyam ɗin nan, kusan ba abinci a cikinta, wanda ya shuka a cikinta zalla dole ya riƙa ba da kamfa narkakke a kai a kai.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni ke kula da furannin ofishinmu. Bakin ganyensu yana ƙonewa ya zama ruwan ƙasa, saman ƙasar kuma da bakin tukwanen sun yi fari-fari. Ina sa musu takin ruwa duk sati. Wani ya ce rashin fotasiyam ne, in jiƙa kanwa in zuba. Daga wani matashi a Ajah.

AMSA: Ƙanena, ajiye kanwar nan. Galibin abin da ke cikinta sodiyam ne, ba fotasiyam ba, tana kuma ɗaga pH kamar toka. A tukunya guba ce.

Gaskiya ne rashin fotasiyam yana ƙona bakin ganye, amma yana da tsarinsa. Daga tsofaffin ganye yake farawa, gefen ganye ya fara yin ɗorawa tukuna, sannan ya bushe daga waje zuwa ciki, sabon ganye kuma lafiya. Shukar da ake ba taki duk sati da wuya ta rasa shi. Farin ɓawon da ka gani a saman ƙasa shi ya tona asirin: gishiri ne ya taru, kuma ƙunar gishiri ba ta zaɓen tsoho ko sabo, ta fi kama tsinin ganye.

Ta hanya biyu yake zuwa maka. Ta farko takin. Furen cikin ofis, irin su moda da masu yaɗo, a inuwa suke, girmansu a hankali ne, abin da suke ci kaɗan ne. Rabin awon da aka rubuta a kwalba, sau ɗaya a wata, ya ishe su, moda da alobera ma ko sau uku a shekara suka samu ba su da kuka. Duk abin da shuka ba ta sha ba yana nan a tukunya yana taruwa. Ta biyu ruwan. Burtsatse da yawa a yankin Lekki da Ajah ruwansu na da zartsi saboda kusanci da teku. Ga kuma ɗabi'ar ba da ruwa kofi-kofi wanda ba ya taɓa fita ta ƙasa: ruwa ya bushe, gishirinsa ya zauna.

Ka kankare saman ƙasar kamar santimita biyu ka zubar. Ka fitar da tukwanen waje ka wanke ƙasar da ruwa mai kyau, ninki biyu zuwa uku na girman tukunya, wato tukunya mai lita 4 ta sha lita 8 zuwa 12, a hankali, yana fita ta ƙasa. Ka bari su tsane sarai, ka cika da sabuwar ƙasa, ka dakatar da taki wata ɗaya da rabi. Daga nan duk bayin da za ka yi ka bari ɗan ruwa ya fita, ka zubar da wanda ya taru a faranti. In ka bar shi, tukunya za ta sake zuƙe gishirin, sauro kuma ya samu wurin ƙwai.

Ruwa mai kyau yana kusa da kai. Ruwan sama da aka tara bayan zubowar farko ta wanke rufi shi ne na ɗaya. Na biyu ruwan da ke ɗiga daga bututun na'urar sanyaya ɗaki, kusan ba gishiri a cikinsa, ofisoshi kuma zubar da shi suke yi a banza. Sai dai iskar na'urar kanta tana busar da bakin ganye, tukunyar da ke saitin inda take hurawa a matsar da ita. Bakin da ya riga ya ƙone a gyara shi da almakashi, ba ya warkewa.

TAMBAYA: Salamu alaikum. Na haɗa ƙasa da dusar katako rabi da rabi don ta yi laushi, na shuka zogale da alayyahu. Sun fito, sun tsumbure, sun yi ɗorawa. Ina da kaji, in zuba kashinsu? Daga wani dattijo a Mushin.

AMSA: Wa alaikumus salam Baba. Dusar katako ɗanya ita ta jawo. Ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da ita suna buƙatar naitirojin, ita kuma ba ta da shi, sai su kwashe na cikin ƙasar su bar shuka da yunwa. Rabi da rabi ya yi yawa ƙwarai, ko an ba da taki dusar ce za ta riƙa cinye kaso mai tsoka har watanni. Alayyahu ba ya daɗewa, a sake shuka shi a sabuwar ƙasa ya fi sauƙi. Zogalen a ciro shi a dasa, a kula da doguwar saiwarsa kada ta karye, a ba shi bokiti mai zurfi, mai lita 20. Shi ma ba ya son jiƙa, yawan ruwa kaɗai yana sa ganyensa ɗorawa ya zube.

Kashin kaji ɗanye kuwa zafi gare shi, abin da yuriya ta yi wa tumatirin Hajiya shi zai yi. Amma abubuwan nan biyu da kake da su, in aka haɗa su waje ɗaya, taki ne mai kyau. A cakuɗa dusar da kashin, a yayyafa ruwa ya yi danshi ba caɓalɓal ba, a rufe daga ruwan sama, a riƙa juyawa duk sati biyu. Bayan wata uku ko fiye, in ya yi baƙi, ya huce, warin ya tafi, ya nuna. Ko a lokacin kada ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar bokiti. Kashin shanu da ake samowa wajen mayankar Oko-Oba, da na raguna da ke taruwa lokacin babbar salla, sun fi na kaji sanyi, amma su ma sai sun ruɓe.

TAMBAYA: Malam, dashen tumatirina da ke cikin kofunan roba bayan ganyensu ya koma shunayya, ba sa girma. Daga wata ɗaliba a Ketu.

AMSA: 'Yata, ɗan shunayya a jikin karan ƙaramin tumatir ba komai ba ne. In kuwa bayan tsofaffin ganye ne, saman ya yi kore mai duhu, girma ya tsaya, fosfaras ne. A ƙasashen sanyi sanyin ƙasa ke jawo shi, a nan yawanci kofin ne ya yi kaɗan, saiwa ta nannaɗe ta cinye abin da ke ciki. Ki dasa su, ɗaya a kowane babban bokiti, ki cakuɗa sufa ƙaramin cokali ɗaya zuwa biyu a kowace lita 10 ta ƙasa tun kafin dashen, don fosfaras ba ya tafiya cikin ƙasa, in an barbaɗa shi a sama can yake zama.

TAMBAYA: Malam, ganyen tumatirina yana lanƙwashewa ƙasa, fure na zubewa. Na daka ɓawon ƙwai na zuba don an ce kalsiyam ne, ba canji. Suna bayan taga kusa da inda muke ajiye janareto. Daga wani tela a Obalende.

AMSA: Ɗan'uwa, ƙarshen wasiƙarka ya fi farkonta muhimmanci. Hayaƙin inji yana ɗauke da iskar etilin, tumatir kuma yana cikin shuke-shuken da suka fi saurin jin ta. Alamarta ita ce hannun ganye ya sunkuya ƙasa alhali ganyen da ƙwarinsa, bai yi yaushi ba, fure ya riƙa zubewa. Ka matsar da su nesa, sabon ganye zai fito daidai. Janareton ma ka nisanta shi da tagar, hayaƙin da ya sunkuyar da tumatir yana ɗauke da wata iskar da ke kashe mutane cikin barci.

Rashin kalsiyam daban yake. Tsinin sabon ganye ne ke ƙanƙancewa ya mutu, ko gindin ɗan tumatir da na tattasai ya yi baƙi ya lotsa. Ko shi ɗin ma yawanci ba daga ƙasa ba ne. Kalsiyam ruwa yake bi ya hau, in bokiti ya bushe ƙaƙas yau gobe a cika shi, isarsa sai ta riƙa yankewa. Daidaita ban ruwa shi ne magani. Ɓawon ƙwai yana ɗaukar watanni kafin ya saki wani abu, a juji ya fi amfani.

Ka kuma juya sababbin ganyen ka duba. In sun yi ƙanana, sun naɗe sama, gefensu ɗorawa, ka girgiza shukar ka ga ƙananan fararen ƙudaje sun tashi, wannan cutar bairos ce da farin ƙuda ke yaɗawa. Ba ta da magani, a tuge wadda ta kamu a ƙulle a leda a zubar kafin ta kai ga sauran. In kuwa ɗigo-ɗigon ɗorawa ne ƙanana da ɗan saƙar gizo a bayan ganye, ka tara farar takarda ka kaɗa ganyen a kai, za ka ga jajayen ƙwari 'yan mitsi-mitsi suna motsi. A wanke bayan ganyen da ruwa, a fesa ruwan sabulu marar ƙarfi, ƙaramin cokali ɗaya a lita ɗaya, ko man darbejiya bisa awon kwalbarsa, da yamma bayan rana ta yi sanyi, a maimaita duk kwana biyar zuwa bakwai har sau uku don a kama waɗanda suka ƙyanƙyashe daga baya. A fara gwadawa a ganye biyu a jira kwana ɗaya, don wani sabulun yana ƙona ƙaramin tsiro.